Taliyar Laraba

Daura,
Laraba, bayan azahar.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ka a tafiyar da za ka yi gobe, Ya kai ka Kaduna lafiya, Ya kau da sharrin hanya da na mutanen hanya.

Na san abin dariya ne uba ya rubuta wa ɗansa wasiƙa alhali bango ɗaya ne tsakaninsu. Yanzu haka ina jin motsinka kana haɗa kaya. Amma mako biyu ke nan ba ka zauna cin abinci da ni ba, gaisuwa ma da ka durƙusa sai ka miƙe kamar wanda ya taka garwashi. Ni kuma ka san bakina, in na buɗe shi faɗa ne ke fara fitowa. Biro ya fi ni haƙuri, shi ya sa na ɗauko shi.

Ka tuna abin da ya raba mu. Ka same ni a zaure tare da maƙwabcinmu Alhaji Mudi, ka ce ka samu gurbi a makarantar koyon girki. Na ce maka, "Girki? Kai da gemunka? In ka tafi, kada ka ce da yawuna ka tafi." Ka sunkuyar da kai ka ce, "Baba, taliyar da Inna ke yi ranar Laraba ce ta sa min son abin nan. Tun ina ƙarami nake son in san yadda hayaƙi ke shiga cikin abinci." Na tashi na bar muku zauren, kai kuma ka ɗauka fushi ne ya tashe ni.

Shekaranjiya ka roƙi Innarku ta koya maka taliyar kafin ka tafi, ta ce kanta na ciwo. Lafiyar kanta ƙalau. Wurina ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, shekara goma sha uku ina cin yabon da ba nawa ba. Yaron nan zai tafi da baƙin ciki a ransa. Ko ka gaya masa, ko ni in gaya masa. In kuwa ni na faɗa, har da labarin darbejiya zan haɗa."

To, gara ka ji daga bakina. Abba, Innarku ba ta taɓa dafa taliyar Laraba ba, ko sau ɗaya. Ni nake dafawa.

Abin ya faro ne lokacin haihuwar ƙanwarka Bilki, kana ɗan shekara bakwai. Aiki aka yi wa Innarku, ta daɗe a kwance. Gwaggonku da ta zo zama da ita ta koma gida bayan arba'in saboda girbi ya kama. Maƙwabta sun yi ƙoƙari, Allah Ya saka musu, amma kwanon maƙwabci ba ya zuwa kullum. Wata Laraba bayan la'asar, ka tafi Islamiyya, Innarku ta ce ita dai ranta na son wani abu mai ƙamshin tsire amma ba tsire ba. Akwai taliya ƙulli biyu da wani abokin cinikina ya kawo min tsaraba daga Kongolam, can bakin iyaka. Na leƙa waje, ban ga kowa ba. Na sa wa ƙofar zaure sakata, na tuɓe riga, na shiga madafa.

Wallahi ban san komai ba. Ni a ganina duk abin da ya fito daga buhu ko leda wanke shi ake yi. Na karya taliyar, na wanke ta tas kamar shinkafa, na bar ta ta jiƙa, na zuba ta cikin ruwan sanyi na ɗora a wuta, na rufe na tafi ba raguna dusa. Da na dawo na ga ta cure wuri ɗaya, sai na ce to, muciya ce maganinta. Na tuƙa. Abin da na sauke ba taliya ba ce, ba kuma tuwo ba ne, ko sunansa ban sani ba har yau. Da na kai wa Innarku ta leƙa kwanon, sai ta dafe cikinta tana cewa, "Malam, don Allah fita da shi, kada ka fasa min ɗinki."

Ka ga wautar? Matar da ta shekara goma tana girki tana kwance taku biyar daga inda nake, ban buɗe baki na tambaye ta ba, don kada a ce maigida bai sani ba. Da ta gama dariyarta, cikin numfashi ɗaya ta gaya min: ruwa mai yawa, ya tafasa sosai, gishiri, sannan taliya, ba wanki ba jiƙo, kuma kada ka bar wurin. Saboda haka in ka je can, ka yi tambaya. Wataƙila malamarka mace ce, wataƙila wanda zai nuna maka riƙon wuƙa bai kai ka shekaru ba. Ka tambaye su. Matambayi ba ya ɓata, kuma kunyar tambaya ba ta kai kunyar ɗauko kwanon da na ɗauko ran nan ba.

Da a ce ni mai hankali ne, da daga nan na haƙura. Amma abin ya tsaya min a rai. Ranar Lahadi ina kan babur zuwa kasuwar Mai'adua, maimakon in yi tunanin ragunan da zan duba, tunanin taliya nake. Me ya sa ruwan zafi ke raba ta, na sanyi ya haɗe ta? Ita da taliyar murji ta gida duk alkama ce, to me ya sa ɗaya ta fi jure wuta? Sannan babbar tambayar, irin taka sak: yaya mai tsire ke sa hayaƙi ya zauna a jikin nama, kuma yaya zan yi in sa shi ya zauna a tukunya?

Laraba ta zagayo, na sake sa sakata. Wannan karon taliyar ta fito warara, na ji kaina ya yi girma. Saura hayaƙi. Na ce ai hayaƙi hayaƙi ne, na sari reshen darbejiyar ƙofar gida, ɗanye shar da ganyensa, na tura a murhu na ɗora nama a kai. Gidan ya turnuƙe, idona ya yi ja, ni kuwa ina murna wai ƙamshi na shiga. Da ka dawo daga Islamiyya ka kai loma ɗaya, sai ka yamutsa fuska ka ce, "Inna, yau maganin zazzaɓi kika zuba a ciki?" Ta dube ni, na dubi ƙasa. Ta ce, "E, kuskure na yi." Ranar ta fara ɗaukar laifina, kafin ta zo ta fara ɗaukar yabona.

Washegari na tafi wurin Ɗan'azumi mai tsire na bakin tasha, wanda nake sayar wa raguna. Maimakon in tambaye shi kai tsaye, sai na shiga kwana-kwana, wai ina so in san icen da ya dace da gashin naman layya. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam Ilu, layya fa saura wata bakwai." Na ce ai ba a fafe gora ranar tafiya. Ya yi murmushi, bai tona ni ba. Ya ce, "Gawayin ƙirya za ka nema. Kada ka kunna da kananzir ko leda, nama ba ya mantawa. Ka bari harshen wutar ya mutu, garwashin ya yi farar toka. Wuta mai harshe ƙonawa take, garwashi ke gashi. Hayaƙin da kake nema kuma ba na ice ba ne, na kitse ne in ya ɗiga a kan garwashi ya taso ya koma jikin naman."

Shekara nawa ina cin tsiren mutumin nan, ban taɓa sanin akwai ilimi haka a bayan tukubarsa ba. Ni da nake taƙama ina taɓa ƙugun rago in faɗi kitsensa, ashe ban san abin da kitsen ke yi a wuta ba. Kada ka raina mai sana'a, Abba, ko da takardarka ta fi tasa yawa. In kuma za ka tambaye shi, ka tambaye shi abin da ya kawo ka, ka bar zagaye-zagaye irin nawa. Da na faɗa masa gaskiya tun ranar, da ya rage min wahalar wata shida.

Yanzu ga yadda ake yi, tunda shi ka roƙa. Ka samu naman rago mai ɗan kitse, na wajen haƙarƙari ya fi. Ka yanka shi fale-fale, ka murza masa gishiri da citta da tafarnuwa da masoro da ɗan man gyaɗa, ka bar shi ya huta kafin wuta ta yi. Ka gasa a kan wayar gashi, kana juyawa, kada ka bari ya bushe. A gefen garwashin ka jera tumatir da tattasai da albasa da attaruhu, su ma su gasu har bayansu ya yi baƙi. Ka ɓare baƙin amma kada ka cire duka, ka bar kaɗan. A turmi za ka jajjaga su, ban da inji, inji na mayar da su ruwa. Ka soya a man gyaɗa da 'yar daddawa har mai ya taso. Sai ruwan tsamiya kamar rabin ludayi da zuma cokali ɗaya. Na san za ka ce zuma a miya? Ni ma haka na ce. Tsamiya ce ta yi min yawa wata rana, na rasa yadda zan yi, na ɗauko zumar da Innarku ke sha don tari na zuba. Tun daga ranar ban fasa ba. Ka yayyanka gasasshen naman ka zuba a ciki. Taliyar kuwa ka tsame ta tun da sauran ƙarfinta, ta ƙarasa dahuwa cikin miyar, da ɗan ruwan da ka dafa ta.

Yajin ƙuli sai an sauke. Na taɓa zuba shi tun wurin suya, ya kama gindin tukunya ya ƙone, miyar ta yi kauri kamar kunun gyaɗa. Attaruhu kuma ka yi hankali da shi. Ni mai son yaji ne, na daɗe ina dafawa daidai bakina, har ranar da na ga Bilki, tana 'yar shekara uku, tana ci tana hawaye tana kurɓar ruwa, ga yunwa ga zafi, ta kuma ƙi ajiyewa. Abin ya dame ni ƙwarai. Mai dafa wa iyali ƙaramin baki yake dubawa. Ka dafa yadda yaro da tsoho da mai gyambon ciki za su iya ci, mai son yaji a ajiye masa a gefe ya barbaɗa.

Saura abu ɗaya, wanda ni na gano shi da kaina, kuma ina alfahari da shi. Na lura man shanun da Innarku ke ajiyewa a madafa kullum ƙamshin hayaƙi yake, amma gishirin da ke kusa da shi ba ya yi. Na ce ashe mai ne ke kama hayaƙi. Sai na gwada. In an haɗe komai an sauke, ka buɗa tsakiyar taliyar, ka ajiye kwanon sha ƙarami, ka sa garwashi ɗaya jajir a ciki, ka ɗiga masa man shanu, ka yi maza ka rufe tukunyar. Ka je ka yi alwala. Kafin ka dawo ya isa, in ka wuce haka ɗaci zai fara. Wannan shi ne ƙamshin da ke tarar ka tun daga ƙofar gida. Na san yana yi, amma ban san dalilin da ya sa yake yi ba. Don Allah in ka samu malamin da ya sani, ka tambayar min me ke tsakanin mai da hayaƙi. Ka kuma tambayar min ko gaskiya ne akwai masu cin taliya ba su karya ta ba, da yadda take shiga tukunyarsu.

Za ka ce yaya aka yi ba ka taɓa kama ni ba. Kana ƙarami Islamiyya ta rufa min asiri. Da ka yi sauka, ka taɓa tambayar kanka me ya sa kullum ranar Laraba bayan la'asar ragunan da ke garke suke buƙatar ka je ka dubo su? Lafiyarsu lau. Ni ne nake buƙatar gidan.

Innarku ta warke tun tuni, ta ce in bar mata madafarta, na ce ta bar min Laraba kawai. Ban iya bari ba. Ina son abin, Abba. Ina son ƙarar kitse a kan garwashi, ina son in ga kun yi shiru kuna ci, kowa kansa a ƙasa. In ka ce, "Inna, Allah Ya saka da alheri, ta yau ta fi ta ran nan," sai in ji daɗi ya kama ni, kishi kuma ya biyo baya, in rasa wanne zan haɗiye. Ita kuma ta amsa da "Amin" tana hararata ta gefen ido.

Me ya sa na ɓoye? Ina ɗan shekara tara mahaifina, wanda ka ci sunansa, Allah Ya jiƙansa, ya same ni tsugune kusa da murhu ina tambayar tsohuwata me ya sa take sa kanwa a wake. Ya ja kunnena har zaure ya ce namiji ba ya zama a madafa. Ka san sunan da ake kiran namijin da ke girki a garin nan, ba sai na rubuta ba. Tsoron sunan nan ya bi ni har na yi furfura. Mai tsire namiji ne, mai shayi namiji ne, ba mai cewa komai, amma wai da ka ɗora tukunya a cikin gidanka don 'ya'yanka shi ke nan ka zubar da girma. Na sha juya wannan magana a raina ban ga kanta ba, amma duk da haka na bi ta.

Wata rana ina tsakiyar suya Alhaji Mudi ya buga ƙofa. Na watsar da ludayi, na wanke hannu da toka, na zura babbar riga a kan zufa, na fito ina salati kamar wanda ya tashi daga barci. Ya shaƙi iska ya ce, "Kai, Malam Ilu, ka yi dace. Iyalinka akwai hannu." Na ce, "To, tana dai taɓawa." Muka tsaya muna hirar taki da farashin gero, ina jin miyata tana ƙonewa a ciki.

Ranar da ka yi maganarka a zaure, shi ne zaune a gefena. Da mu biyu ne, ban san abin da zan ce ba, amma na san ba abin da na faɗa ba ne. Idonsa na duba, ban dubi naka ba. Da ka ambaci taliyar Laraba kuwa, sai na ji kamar an kware min zane a kasuwa. Ga ɗana yana faɗin tambayar da ta hana ni sakat shekara da shekaru, kalma da kalma, ni kuma ina ja masa kunne kamar yadda aka ja nawa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kunya ce ta tashe ni daga zauren nan, ba fushi ba. Wannan shi ne kuskuren da ya fi na darbejiya ɗaci, kuma ba Innarku da za ta ɗaukar min shi.

Don haka ka ji da kyau. Sana'ar da ba ta saɓa wa Allah ba, kada ka ji kunyarta, kada kuma ka sa mata sakata. Kada ka yanke hukunci a kan naka don idon wanda ke zaune kusa da kai, shi zai tashi ya tafi gidansa, kai ne za ka kwana da abin da ka faɗa. In Allah Ya ba ka 'ya'ya ka yi musu ba daidai ba, ka faɗa da wuri. Magana zarar bunu ce, na sani, wadda na yi ba za ta koma ba. Amma na janye ta. Da yawuna za ka tafi, da albarkata, kuma ina neman ka yafe min.

Ka riƙe salla a kan lokacinta ko da tukunya na kan wuta, a sauke ta, ba ta gudu. Ka tsaftace hannunka da wurin aikinka. Abin da ba za ka iya ba Bilki ta ci ba, kada ka ba ɗan wani. Ka riƙa kiran Innarku a waya, ita ba ta iya fushi ba amma ta iya damuwa.

Yau Laraba. Tun da safe na je na zaɓo haƙarƙari, gawayin ƙirya na nan, tsamiya na jiƙe. Na aika wa Alhaji Mudi cewa ya shigo bayan la'asar akwai abin da zan nuna masa, na kuma ce da Ɗan'azumi ya leƙo ya ga ko ɗalibinsa ya ci jarrabawa. Da sauran tsoro a raina, ba zan ɓoye maka ba. Amma yau ba zan sa sakata ba, kuma raguna ba sa buƙatar kowa.

Innarku za ta miƙo maka takardar nan. Ba zan tilasta maka ba, in ranka bai sauko ba ina da laifin da ya kai haka, za a kawo maka naka ɗaki kamar yadda aka saba. In kuwa ka ga dama, ka fito tsakar gida. Akwai abin da takarda ba ta iya nunawa, kamar launin da albasa ke yi in ta isa.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya haɗa ka da malamai masu haƙuri da abokai na gari. Allah Ya sa albarka a hannunka, Ya sa duk wanda ya ci abincinka ya tashi lafiya. Ya dawo mana da kai cikin aminci, Ya sa muna da rabon ganin ranar. Amin.

Mahaifinka,
Iliyasu.

Ga ladan can ya fara kira. Da an idar zan hura wuta. Na wasa wuƙa biyu.